Biki a garin da ba ku da kowa: ina baƙi za su kwana, wa zai kai su ya dawo da su?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata ce za ta yi aure nan da wata takwas. Ita da angon sun zaɓi a yi bikin a wani gari na bakin teku a wata ƙasa, inda mu ba mu da kowa, dangin angon ma haka. Ni aka ɗora wa kula da baƙi. Mutum kusan 80 ne suka ce za su je, har da tsofaffi da masu goyo, kuma kwana uku za a yi. Wurin liyafar tafiyar minti 40 ce a mota daga cikin gari. Mu ne za mu kama wa kowa ɗaki? Otal ɗaya ya fi ko a rarraba mutane? Kuma mu ɗauki shatar bas ko kowa ya nemi tasi da kansa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Tambaya uku kika yi, wato wa zai biya, ina za a kwana, da me za a hau. Amma biyun ƙarshe a ɗaure suke da juna, domin inda mutane suka kwana shi ke yanke yawan motocin da za ki ɗauka da awannin da za a ɓata a hanya. Abin da aka fi yi shi ne a ga hoton otal ya burge, a tura kafin alƙalami, sai daga baya a tuna da mota. Ni kuwa ta ƙarshe nake fara lissafi. Idan an tashi daga liyafa ƙarfe goma sha biyun dare, a wurin da ke da nisan minti 40 daga gari, yaya mutum na ƙarshe zai isa ɗakinsa? Idan kika amsa wannan, sauran duk za su biyo baya.

Wa zai biya

Babu dokar da ta ce masu biki ne za su biya wa kowa ɗaki. Tsarin da ya fi yawa a irin wannan biki shi ne baƙo ya biya jirginsa da ɗakinsa, masu biki su nemo farashi mai rangwame su kuma ɗauki nauyin motar da za ta kai mutane wuraren taro. Wasu iyalan sukan ƙara da biya wa iyaye, da tsofaffi, da waɗanda zuwansu dole ne amma aljihunsu ba zai ɗauka ba. Kowanne kuka zaɓa daidai ne, illar tana wurin yin shiru. Tun ran gini ran zane: a cikin saƙon gayyata na farko a rubuta ƙarara abin da ke kanku da abin da ke kan baƙo. Kada a ce "mun tanadi masauki" alhali ɗakuna kawai aka keɓe, domin wanda ya karanta haka zai zo da tunanin an biya, kuma a gaban ma'aikacin otal zai gane ba haka ba ne. Waɗanda za ku biya wa kuma a gaya musu su kaɗai, ba a cikin zauren WhatsApp na kowa da kowa ba.

Otal ɗaya, ko biyu da ke kallon juna

Ga mutum 80, ki yi tsammanin ɗaki 40 zuwa 45, saboda ma'aurata za su haɗa ɗaki, wasu abokai za su haɗa, wasu kuma ba za su kwana da kowa ba. Idan otal ɗaya zai ɗauke su duka kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin yawancinsu ba, an gama magana. Idan ba haka ba, ki nemi biyu masu bambancin farashi, amma su kasance kusa da juna yadda mai shekaru zai taka daga wannan zuwa wancan cikin minti biyar ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Dalilin shi ne kowace tsayawa da bas za ta ƙara tana cin minti goma zuwa sha biyar, ba don nisa ba, don jiran wanda ya koma ɗauko waya. Otal huɗu a unguwanni huɗu na nufin an ƙara kusan awa guda a kan kowace fita.

Za a samu waɗanda za su ce su gida za su kama a shafin hayar gidaje na Airbnb, ko sun ga mai araha a shafin kama otal na Booking.com. Ki bar su, haƙƙinsu ne, kuma ga iyali mai yara huɗu gida mai kicin ya fi musu ɗakin otal. Sharaɗi ɗaya za ki kafa: bas daga ƙofar babban otal kawai take tashi, can kuma take sauke mutane. Wanda ya sauka wani wuri shi zai kawo kansa.

Akwai kuma tambayar ko a kwana kusa da wurin liyafar maimakon cikin gari. A yanayinki ni cikin gari zan zaɓa. Liyafa yini ɗaya ce, sauran kwana biyun mutane suna buƙatar kantin magani, wurin cin abinci, injin cirar kuɗi, da asibiti idan ta kama. Gara ki kai mutum 80 bayan gari sau ɗaya da ki riƙa kawo su gari kullum.

Kafin ki amince da otal, hoto ba ya wadatarwa. Ki tambaya a rubuce ko akwai lif, ɗakuna nawa ne a hawa na ƙasa, da ko akwai ɗakin da keken marasa lafiya zai shiga har banɗaki. Garuruwan bakin teku da yawa a jikin tudu aka gina su. A tsibirin Santorini na Girka, misali, akwai otal-otal da ba a isa ɗakunansu sai ta dogon matakala, kuma mota ba ta zuwa ƙofa. Ki tambaya kuma ko babbar bas za ta iya tsayawa a ƙofar otal ɗin, da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ɗaki ɗaya. Otal da yawa suna ƙirga yaro a matsayin mutum, kuma ba sa sassauci a kai saboda ƙa'idar kariya daga gobara.

Keɓe ɗakuna, da tarkon da ke cikin takardar

Nan ne kuɗi ke zurarewa, saboda haka bari in daɗe a kai. Keɓe ɗakuna iri biyu ne. A na farko otal zai riƙe muku wasu ɗakuna a kan farashin da aka yi ciniki har zuwa wata rana, galibi kwana 30 kafin biki. Wanda ya kama ya kama, abin da ya rage otal ya mayar kasuwa, ba a bin ku komai. Sai dai ba kasafai suke yarda su riƙe ɗakuna masu yawa a haka ba. A na biyu za ku sa hannu cewa za ku cike wani kaso na ɗakunan, sau da yawa kashi 80 cikin 100, idan kuka gaza ku biya gibin.

Kuma ba da ɗaki ake ƙirgawa ba, da kwanan ɗaki ake yi. Ɗaki 40 na kwana 3 ya zama kwana 120. Kashi 80 cikin 100 na wannan shi ne 96. Idan wasu sun fasa, wasu sun yi kwana biyu maimakon uku, aka tashi da 85, to kwana 11 na kanku ko da ba wanda ya kwanta a gadon. Mutum 80 da suka ce za su zo wata takwas kafin biki ba su ne 80 da za su hau jirgi ba: biza za ta hana wani, aiki ya riƙe wani, wata ta haihu. Don haka ki sa hannu a kan adadin da kika tabbata da shi, wato iyalan gida biyu da aminai na jiki, a ce ɗaki 25, ki nemi a rubuta cewa za a iya ƙara ɗakuna a kan wannan farashin muddin akwai sarari. Ƙarawa ta fi ragewa sauƙi.

Abu uku zan so ki gani a takardar kafin ki sa hannu. Na ɗaya, a lissafa muku duk baƙonku da ya kwana a otal ɗin ko ta wace hanya ya kama ɗakin, domin wani zai ga farashi mai sauƙi a intanet ya kama a can, otal kuma ya ce ba ya cikin naku. Na biyu, farashin ya shafi kwana biyu kafin biki da kwana biyu bayansa. Na uku, a ba ku damar canza suna a kan ɗaki ba tare da tara ba, don idan wani ya fasa wani ya maye gurbinsa. Ki tambaya kuma ko farashin ya haɗa da haraji da karin kumallo. Birane irin su Roma da Dubai suna da harajin baƙi da ake ƙarawa a kan kowane kwana, sau da yawa a teburin karɓar baƙi ake biyansa. Waɗannan sharuɗɗan kowane otal da nasa, kowace ƙasa da dokarta, abin da na faɗa tsari ne na gama-gari. Idan kuɗin da za ku ɗaure kanku da shi mai yawa ne, ki ba wanda ya san dokar ƙasar ya karanta takardar.

Maganar biza ta shigo nan saboda ofisoshin jakadanci da yawa suna neman shaidar masauki mai ɗauke da sunan mai nema. Ki nemi otal ya ba kowane baƙo takardarsa da sunansa yadda yake a fasfo. Idan ƙasar tana cikin yankin Shengen na Turai, ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Kowa ya duba fasfonsa yau, domin ƙasashe da yawa suna so ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Daga filin jirgi zuwa otal

Kada ki tambayi mutane ƙarfe nawa za su iso. Ki karɓi lambar jirgi da kwanan wata, ki duba da kanki. Kuskuren da ya fi maimaituwa shi ne jirgin da ke tashi ko sauka ƙarfe 12:30 na dare: mutum zai ce miki daren Alhamis, alhali a tikiti Juma'a ce ta riga ta shiga. Ki buɗe jadawali ɗaya mai suna, lambar jirgi, lokacin sauka da agogon ƙasar da za a je, yawan akwatuna, da lambar wayar da za ta yi aiki a can.

Daga saukar jirgi zuwa fitowa waje, bayan layin shige da fice da jiran kaya, ki ba da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki haɗa waɗanda jiragensu suka sauka a cikin awa ɗaya da rabi na juna a mota ɗaya. Fiye da haka zalunci ne ga wanda ya fara isowa. Kuma kada kujeru su ruɗe ki: ƙaramar bas mai kujera 14 irin Toyota Hiace ba ta ɗaukar mutum 14 da kayansu. Idan kowa ya zo da akwati mai kilo 23, wasu biyu, ga kayan biki, mutum bakwai ko takwas za ta ɗauka, sauran kujerun kaya ne za su zauna.

Ba dole ba ne ku ɗauko kowa. Matasa da suka saba tafiya, ki ba su bayanin yadda za su isa, ya ishe su. Tsofaffi, da wanda bai taɓa fita ba, da mace mai yara ita kaɗai, da duk wanda zai sauka tsakar dare, su ne za a tura wa direba mai riƙe da allo mai ɗauke da sunansu. Idan wurin tsibiri ne, ki duba lokacin jirgin ruwa na ƙarshe kafin kowa ya sayi tikiti. A tsibiran Maldibs ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi, wanda ya iso da yamma sosai sai ya kwana kusa da filin jirgi.

Sai lokacin shiga ɗaki. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana. Wanda jirginsa ya sauka da asuba yana da zaɓi biyu: ya ajiye kaya ya zauna a harabar otal har azahar ta wuce, ko a biya masa daren da ya gabata. Ga tsofaffi ki biya. Amma dole a sanar da otal a rubuce cewa mai ɗakin sai da safe zai iso, in ba haka ba za su ɗauka bai zo ba, su soke kwanakin gaba ɗaya. Ki gargaɗi mutane kuma cewa otal na iya riƙe wani kuɗi a katin banki a matsayin ajiya, kuma idan katin cirar kuɗi ne, sakinsa na iya ɗaukar kwanaki bayan an bar ɗakin.

Ranar liyafa

A nan amsata ba ta da kwana-kwana: ki ɗauki shata. Za a ba ki shawarar ki ɗauki bas ɗaya ta riƙa jigila don a rage kuɗi. Ki yi lissafin da kanki. Lodi minti 15, tafiya 40, saukewa 10, dawowa 40. Kowane sawu na cin minti 105. Idan mutum 70 ne za su hau, bas ɗin kuma mai kujera 30 ce, sawu uku ke nan, kuma 'yan sawun ƙarshe za su iso awa uku da rabi bayan na farko. Jigila tana aiki ne idan nisan bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. A minti 40 dole kowa ya tashi lokaci ɗaya: ko manyan bas biyu masu kujera kusan 50, ko matsakaita uku irin Toyota Coaster.

Ni matsakaitan uku na fi so. Suna shiga hanyar da babba ba za ta shiga ba, kuma wuraren biki na bayan gari sau da yawa ƙofarsu ƙunci gare ta, ba wurin juyawa. Idan ɗaya ta lalace kuma, kashi ɗaya cikin uku ne ya tsaya, ba rabi ba. Kada ki cika kowace fam, ki bar kujera uku ko huɗu, domin wanda ya ce zai zo da kansa zai canza ra'ayi idan ya ga bas a ƙofa. Amarya da ango da iyayensu motarsu daban, masu kwalliya da masu hoto ma haka, tunda su tun da wuri za su tafi.

Minti 40 ɗin da aka gaya miki, ki binciki a wane lokaci aka auna shi. Ki sa direban ko wani naku ya bi hanyar a irin ranar da irin lokacin, da motar da za a hau, domin bas ba ta gudun ƙaramar mota. Sannan ki ƙara minti 20 a kai. Ga baƙi kuma, ki faɗi lokacin haɗuwa a harabar otal, wanda ya riga lokacin tashi da minti 15, kuma bas ta tashi a kan lokacin da aka faɗa. A bar ƙaramar mota ɗaya a baya ta kwaso makararru bayan minti 20. Da ita, ba sai mutum sittin sun zauna jiran mutum biyu ba.

Dawowa ita ce inda aka fi faɗuwa. Mutane tare suke zuwa amma ba tare suke son tafiya ba. Ki raba: bas ta farko ta tashi da wuri, a ce ƙarfe tara, da tsofaffi da masu yara. Za ta sauke su ta koma wurin biki wajen goma da rabi. Ta biyu ta tashi goma da rabi, sauran biyun su jira a tashi daga liyafar. A sanar da kowane tashi a lasifika minti goma kafin lokaci. Kowace bas a ba ta mutum ɗaya daga cikinku, ba direba ba, mai riƙe da jerin sunaye da lambar direban. Kafin ta ƙarshe ta motsa a leƙa banɗakuna da lambu.

A takardar shatar a rubuta awannin farawa da gamawa, kuɗin ƙarin awa, ko motocin za su tsaya a wurin ko za su tafi wani aiki su dawo (ki nace su tsaya), da abin da kamfanin zai yi idan mota ta lalace. Ki nemi ganin lasisin ɗaukar fasinja da inshora. Ki kula da awannin direba ma. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban bas tuƙi fiye da awa huɗu da rabi ba tare da hutun minti 45 ba, kuma dole ya samu doguwar hutawa a kowace rana. Direban da ya fara ɗauko mutane a filin jirgi ƙarfe bakwai na safe ba zai zama shi ne mai dawo da ku ƙarfe ɗaya na dare ba. Ko a inda babu irin wannan doka, ba ki son mai gyangyaɗi ya tuƙo danginki a hanyar bakin teku.

Tasi da motar haya

Tasi tana da amfani a cikin gari da rana. A wurin biki na bayan gari da tsakar dare ba abin dogaro ba ce. Manhajojin kiran tasi irin Uber da Bolt ba a ko'ina suke aiki ba, inda suke aiki ma direbobin a cikin gari suke taruwa, kuma mutum 70 na buƙatar mota kusan 20 a lokaci guda. Ki karɓi lambobin kamfanonin tasi biyu daga otal ki raba wa mutane don zirga-zirgar kansu.

Masu son hayar mota su tuƙa da kansu su san cewa wasu ƙasashe na neman lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida, kamfanoni kan nemi kati mai sunan direban, kuma a Ingila, Kenya, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, Tailan da Indunusiya ta hagu ake tuƙi. Ranar farko a baƙuwar hanya da daddare ba lokacin koyon wannan ba ne. Ranar liyafa su ajiye motar su hau bas.

Takarda ɗaya a hannun kowa

Mako biyu kafin tafiya ki tura wa kowa shafi ɗaya: sunan otal da adireshinsa da harshen ƙasar yadda za a nuna wa direba, lokutan bas, lambar gaggawa ta ƙasar, da lambar mutum ɗaya da za a kira. Wannan mutumin kada ya zama amarya ko ango, kuma ranar liyafa kada ya zama ke, domin za a neme ki wurin hoto. A buga shafin a takarda a ajiye wa kowa a teburin karɓar baƙi, saboda wayoyi da yawa ba za su samu intanet ba sai an shiga otal.

Ranar komawa a ba ta irin kulawar da aka ba ranar zuwa, domin ita ce ake mantawa. Ana barin ɗaki ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu, jirgin wasu kuwa sai dare, don haka ki roƙi otal ya bar muku ɗaki ɗaya ko biyu har yamma, inda tsofaffi za su kishingiɗa a kuma tara kaya. Motar filin jirgi ki lissafa ta yadda za a isa awa uku kafin tashin jirgin ƙasa da ƙasa, ki ɗora tsawon hanya da minti 20 a kai. Da daddare kafin ranar, ki je teburin otal ki nemi lissafin duk ɗakunan da ke kanku, ki duba ko an ɗora abincin wani ko wankin wani a kan asusunku, a gyara tun mai shi bai hau jirgi ba.